Ranar da Aka Ce Inna Ta Yabe Ni

Ni 'yar fari ce, kuma duk wanda iyayensa suka taso a ƙauye ya san abin da hakan yake nufi. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. "Ke" ce ni, in ranta ya ɓaci in koma "waccan", in kuwa akwai baƙi ko "ke" ɗin ba na samu, sai dai ta gaya wa ƙanena ya gaya mini, alhali ina zaune kusa da ita har gwiwarmu tana gogar juna. Kunyar ɗan fari ke nan. A wurin kakata na yi wayo, sai da ta rasu aka kawo ni birni, ɗaki biyun da Baba ya kama haya a Gyaɗi-Gyaɗi, aka sa ni firamare a Tarauni. Ni kuma Allah ya yi ni da baki kamar rediyo mai sabon batir, ga zuciya a kusa.

Baba direban hayis ne. Shi nasa tsoron daban, bakin mutane yake tsoro. Ya yi imani duk abin da aka yaba a bainar jama'a to an gama da shi. In fasinja ya ce motarsa tana da lafiya, sai ya yi maza ya ce, "Wannan gwangwanin? Ai da addu'a take tafiya." In na kawo sakamakon jarrabawa na zo ta ɗaya, sai ya duba hagu ya duba dama, ya ninke takardar, ya ce in je in ɗebo ruwa.

Ina aji shida sojoji suka koma bariki. Garin duk ya cika da fastoci, bangon makarantarmu ma har saman taga hotunan 'yan takara ne. A wannan zangon takarda ta zo daga ofishin ilimi, wai kowace firamare ta fitar da ɗalibi ɗaya tak wanda zai rubuta jarrabawar shiga makarantar yara masu baiwa ta gwamnatin tarayya, can wajen Abuja. Makarantar kwana ce, komai kyauta, har sabulu. Tun da na ji zancen na kasa zaune na kasa tsaye. Ni da ko Zariya ban taɓa zuwa ba, ga shi ana maganar wurin da za a ba ni littattafai nawa na kaina, kuma babu mai aikena niƙa ina cikin karatu.

Hedimastanmu mutum ne mai son tafiya da zamani. Shafin farko kawai ya karanta, ya tara malamai ya ce yanzu dimokuraɗiyya ake yi, ba zai zauna shi kaɗai ya naɗa mai baiwa kamar gwamnan soja ba, ƙuri'a za a kaɗa. Malamin ajinmu ne ya ba ni wannan labarin bayan na girma, yana yi yana share hawayen dariya. Aka samo gwangwanin madara aka huda murfin, malamai sha huɗu suka jefa ƙuri'a, da aka zo ƙirge aka sami sha bakwai. Wanda ya lashe kuwa ƙanen matar mataimakin hedimasta ne, yaron da ya shekara biyu a aji biyar. Ana cikin cacar baki malamar aji uku ta juya takardar, sai ga shafi na biyu, an rubuta yadda ake zaɓen dalla-dalla.

Matakai uku ne. Za a duba makin yaro na shekara biyu, malamin aji ya rubuta shaida, sannan wata jami'a ta zo daga ofis ta zauna da iyaye, su faɗi abin da suka gani a tare da ɗansu a gida. Da aka tace maki sai muka rage mu biyu, ni da wani yaro ɗan ma'aikacin sakateriya. Gaskiya ɗaya ce, yaron yana da ƙwaƙwalwa. Ya fi ni Turanci, na fi shi lissafi, kuma mun tsani juna tun aji huɗu. Malamin ajinmu, da yake ba ya son ɓata wa kowa, ya rubuta mana shaida iri ɗaya sak, suna kawai ya canza. Saboda haka magana ta koma kan iyaye. Da na ji haka sai na fara fid da rai, don na san iyayen da Allah ya ba ni.

Ranar Litinin jami'ar ta zo, wata Hajiya mai farin gilashi, ba ta da yawan fara'a amma ba ta da wulaƙanci. Aka ba ta ofishin hedimasta, mu biyun aka tsayar da mu jikin bango. Mahaifin yaron ya fara shiga, da babbar riga da fayil a hammata. Jama'a, mutumin nan ya iya yabon ɗa! Ya san watan da ɗansa ya fara tafiya, ya san kalmar da ya fara furtawa, ya ce tun yana shekara biyar yake karanta jarida, ya kwance agogon bango ya mayar da kansa. Ni na san agogon, yaron ya gaya mana bai ƙara aiki ba, amma wa ya tambaye ni? Hajiya tana ta rubutu har ta juya bayan takarda.

Sai ga Baba. Bai ma sauke fasinja ba, ya faka motar a bakin makaranta cike da mutane ya ce musu minti biyu. Ya shigo da tawul a wuya, ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya durƙusa ya gaida kowa har da mahaifin abokin takarata, wanda ya ƙi fita ya nemi kujera ya zauna. Ina ganin Baba ya kalli mutanen da ke ɗakin ɗaya bayan ɗaya, na ce shi ke nan, an gama da ni.

Hajiya ta ce, "Malam, yaushe 'yarka ta fara magana?"

Ya ce, "Ranar da ta fara dai ban riƙe ba, Hajiya. Na dai san ba ta daina ba."

"Me ta fi iyawa a gida?"

"Ci da barci."

"Tana yawan yin tambayoyi? Irin waɗanda suka fi shekarunta?"

"Fitina dai. Fitina kam akwai."

Daga waje wani ya danna hon ɗin motar, wata mata tana ɗaga murya wai asibiti za ta. Hajiya ta gyara gilashi ta karanto ta ƙarshe: "A ganinka, ta fi sa'o'inta kaifin basira?"

Baba ya zabura kamar an taka shi. "A'uzu billahi! Wannan? Hajiya, ai duk layinmu ita ce ta baya. In kika aike ta gishiri, kanwa za ta kawo."

Wallahi ban taɓa kawo kanwa a maimakon gishiri ba. Hawaye suka cika mini ido, na cije leɓe. Hajiya ta ajiye biro ta ce, "Malam, ni ma Bahaushiya ce, na san abin da kake gudu. Amma takardar nan ba a hannuna za ta tsaya ba, gaba za a kai ta, kuma waɗanda za su karanta abin da ka faɗa kawai za su gani. Me zan rubuta?"

Ya yi ɗan tunani ya ce, "Ki rubuta alhamdu lillahi."

"Babu gurbin wannan a takardar."

"To Allah ya kyauta," in ji Baba, ya sa takalminsa. Da zai wuce ta kusa da ni har da ɗan murmushinsa, irin na wanda ya tsamo 'yarsa daga rijiya. Ya fita ya ja motarsa fasinja suna ta yi masa tsiya.

Malamin ajinmu ne ya yi ta roƙo. Hajiya ta ce ranar Alhamis tana da wata makaranta a Darmanawa, za ta biyo da hantsi, a kawo mata mahaifiyata. In ita ma ba a sami abin rubutawa ba, to ba ta da yadda za ta yi, yaron za ta ba. Malam ya yi ta godiya yana murna ya samo mini mafita. Shi ɗan birni ne, bai san daga wuta ya fitar da ni ya jefa ni a tafasasshen ruwa ba.

Da na koma gida na tarar da Inna tana tankaɗe a tsakar gida, na tsaya a kanta na zazzage duk abin da ke cikina. Na ce Baba ya kashe ni a gaban mutane. Na ce iyayen wasu suna zuwa da fayil, nawa suna zuwa da tawul. Na ce ke ma na san ko an kai ki shiru za ki yi, tunda tun da nake ba ki taɓa cewa na yi ƙoƙari ba, ko sau ɗaya, ko da kuskure. Matan gidan hayarmu duk suka leƙo. Inna ba ta ɗago ba, ta ci gaba da buga rariya, can ta ce da ƙanena, "Gaya wa waccan kwanukan rana suna jiranta."

Na wanke kwanukan ina kuka. Abin da ya fi ci mini rai ba makarantar ba ce kaɗai. A lokacin da gaske na ɗauka matar nan ba ta ga komai a tare da ni, kunyar ma fakewa kawai take yi da ita. Shekarata goma sha biyu, kuma abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

Labari ya kai kunnen Goggo, yayar Baba da ke aure a Unguwar Gano. Washegari sai ga ta, tun daga zaure take faɗa. Ta wanke Baba tas, ta ce shi da matarsa duk ƙauyanci ya yi musu katutu, ita babu kunya tsakaninta da ni, ita za ta je ta yi magana, Inna ta zauna kawai a ga fuskarta. Na ji sanyi a raina. Ban tuna ba cewa Goggo ita ce matar da ta taɓa ba da labarin ta ga kifi a kogin garinmu wanda sai da maza shida suka ɗauke shi.

Ranar Alhamis muka kama hanya mu uku a ƙafa. Goggo a gaba tana ta bitar abin da za ta faɗa, ni a tsakiya, Inna a baya da mayafinta na zuwa biki, ta ɗauko wani ƙunshi a ka, an ɗaure da tsohon zane. Goggo ta tambaye ta mene ne, ta ce ba komai. Goggo ta matso ta raɗa mini cewa uwarki ta yi hankali, dambu ta yi wa Hajiya, ai hannu da yawa maganin ƙazamar miya. Da muka isa Inna ta sauke ƙunshin a baranda ta shiga ta zauna a ƙasa, duk da ga kujera an miƙo mata.

Ɗakin ya fi na Litinin cika, don malamai sun ji labarin Baba, kowa ya ƙirƙiro abin da ya kawo shi ofis. Mahaifin yaron ma ya dawo, wai ya zo ganin adalci. Hajiya ba ta gama karanta tambayar farko ba Goggo ta karɓe. Ta ce ranar sunana da liman ya yi addu'a ni na fara cewa amin. Ta ce ina wata bakwai na ƙirga kajin gidanmu na gane an sace ɗaya. Ta ce ban taɓa rarrafe ba, miƙewa kawai na yi na tafi. Ta ce tun bara na gaya mata sojoji za su sauka, ta kuma rantse da kabarin kakata. Wani malami ya fita da gudu yana toshe baki. Ni kuwa in da ƙasa za ta tsage da na shige, garin neman gira muna shirin rasa ido.

Hajiya ta daɗe da ajiye biro. Ta bari Goggo ta ja numfashi, sannan ta ce, "Baiwar Allah, ke ce kika haife ta?"

"Kusan haka ne, ai ni na yanke mata cibiya."

"To a bar wadda ta haife ta ta yi magana." Ta juyo wajen Inna ta sassauta murya. "Inna, ba dogon bayani nake so ba. Abu ɗaya kawai ki gaya mini da kika gani a wurin yarinyar nan, wanda ya sa kike ganin ta cancanta. Ɗaya tak."

Inna ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta ƙura wa siminti ido. Ɗakin ya yi tsit, har ana jin 'yan aji biyu suna rera biyu sau biyu. Goggo ta zungure ta. Hedimasta ya ce, "Inna, yanzu fa mulkin farar hula ne, kowa yana da 'yancin faɗar albarkacin bakinsa." Ko motsi ba ta yi ba. Na ga mahaifin yaron ya gyara zaman hularsa, Hajiya kuma ta jawo murfin biro.

Sai Inna ta miƙe ta fita. Na ce a raina, to ga shi nan, ta gudu ta bar ni. Ashe baranda ta je. Ta dawo da ƙunshin nan ta dire a kan teburin hedimasta. Hedimasta ya ɗaga hannu biyu yana cewa, "A'a, a'a, Inna, an hana irin wannan yanzu," amma idonsa yana kan ƙullin. Ta kwance zanen. Kwalla ce, babba mai furanni, irin ta jeren aure, ɗaya daga cikin ukun da suke saman kabad ɗinta waɗanda ko taɓawa ba mu isa mu yi ba. Ta buɗe murfin, babu dambu babu alkaki, takardu ne cike har baki.

Hajiya ta ɗauki ta sama ta duba, ta ɗauki ta biyu. Na leƙa, sai na ga rubutuna. Littafin lissafina na aji uku da ya ƙare na yar. Takardar jarrabawar da Baba ya ninke. Taswirar Nijeriya da na zana ta fito kamar ƙosai. Har wani ɓallen kwalin sukari da na yi wa Baba lissafin tafiyar mota a bayansa, in tana gudu kaza za ta isa Wudil a minti kaza. Tun daga aji ɗaya, lokacin da nake rubuta harafi yana kallon baya, babu wadda ta ɓata. An shimfiɗe su an danne, wasu an jera su kai a ƙasa, saboda Inna ba ta karanta boko ko harafi ɗaya.

Inna ta koma ta zauna a ƙasa ta ce, "Ni dai ban ce komai ba."

Hajiya ta daɗe tana juya takardun. Ta tsaya a kan kwalin sukarin, ta tambayi malamin ajinmu ko an koya mana irin wannan lissafin, ya ce sai a sakandare. Sannan ta ce, "Inna, me ya sa kike ajiye su?"

"Ai ba a zubar da rubutu, Hajiya. Kar a je da sunan Allah a ciki a taka."

"Haka ne. Tana da ƙanne a makarantar nan?"

"Biyu."

"Ina nasu takardun?"

Inna ta sunkuyar da kai. Goggo, da ba ta iya ganin shiru ta ƙyale, ta ce, "Nasu? Ai da su take hura gawayi, ni shaida ce!"

Ɗakin ya fashe da dariya, har mahaifin yaron sai da ya dara. Inna ta ƙara jan mayafi har ya rufe mata hanci, kamar wadda aka kama da satar nama a tukunya. Ni kaɗai ce ban yi dariya ba.

Hajiya ta buɗe biro ta yi rubutu mai tsawo, ta ce sunana za ta tura. Mahaifin yaron ya fara cewa ai uwar ba ta amsa tambaya ba, Hajiya ta ce ta amsa, ita ta ji. In gaya muku gaskiya tun yanzu, jarrabawar na je na rubuta, ban kuma ci ba. Ashe masu baiwa suna da yawa a ƙasar nan, wasu ma sun fi Goggo labari. Na yi kukan kwana biyu na haƙura.

Kafin mu tashi Hajiya ta ce za ta ɗauki takardu uku ko huɗu ta haɗa da fom ɗin a matsayin shaida. Ta ware kwalin sukarin da wasu biyu, sannan ta zaro wasu dogayen takardu guda huɗu da aka naɗe daban a cikin leda, a can ƙasan kwallar. Tana warwarewa na gane su, na ji kunya ta rufe ni. Horo ne aka ba ni a aji biyar. Layi ɗari biyu, da Turanci, jimla ɗaya ana ta maimaitawa: ba zan ƙara surutu a aji ba. Na zauna a tsakar gida ranar wata Asabar na rubuta su ina ƙunƙuni, Malam ya duba ya dawo mini da su, na cukuikuye na jefa a bayan randa.

Hajiya ta karanta layin farko, ta kalli Malam, Malam ya kalli silin. Ba ta kai ga cewa komai ba sai ga hannun Inna a kan takardun. Matar da ko kujera ta ƙi hawa, ta miƙe tsaye ta riƙe gefen ledar gam.

"Hajiya, ɗauki waɗancan duka in kina so. Ban da wannan."

"Saboda me, Inna?"

"Wannan ya fi kowanne kyau. Ki duba fa, layi a miƙe, babu inda malam ya sa jan biro. Wuni guda ta yi a kansa, ko abinci ba ta ci ba." Ta ɗan tsaya, sannan ta ƙara a hankali, "Ba kowane yaro ne zai iya wannan ba."

Babu wanda ya yi dariya, kuma Allah ya saka wa mutanen ɗakin nan da alheri, babu wanda ya gaya mata abin da aka rubuta. Hajiya ta naɗe takardun da kanta ta mayar cikin ledar ta miƙa mata da hannu biyu, ta ce, "Gaskiyarki, Inna. Ajiye abinki."

A hanyar komawa Goggo tana ta ba masu shaguna labarin yadda ita ta ciyo mini takara. Inna tana gaba da kwallarta a ka, ni ina binta ina kuka wiwi a tsakiyar titin Tarauni, majina har baki, don daɗi ya yi mini yawa ban san inda zan sa shi ba. Har muka tsallaka titin Zariya ba ta waiwayo ba. Sai da muka shiga layinmu ta rage sauri, ta miƙo mini gefen mayafinta ta baya ba tare da ta kalle ni ba.

"Ke, share fuskarki," in ji ta. "Mutane suna kallo."